Baturan Jirgin Magaji

Damina ta yi tsakiya, gulbi ya cika ya haura fadama har ya shanye hanyar da mutanen Alelu ke bi da ƙafa lokacin rani. A irin wannan lokaci, duk mai son cin kasuwar Jega daga ƙauyukan ƙetare sai ya zo mashigi ya jira jirgin Magaji. Jirgin katako ne dogo, da inji a baya da rumfar kwano a tsakiya, kuma a duk jiragen da ke wannan mashigi shi kaɗai ke da wuta. Akwai farantin sola a kan rumfar, akwai batura uku cikin akwatin katako a ƙarƙashin bencin baya. Da su ake tayar da inji, da su famfo ke kwashe ruwan da ke tsattsafowa ta tsakanin katakai, da su kuma fasinja ke cajin wayoyinsu na hannu kafin a ƙetare.

Magaji bai san yadda aka haɗa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Aikin Salihu ne. Tun suna samari suke tare a kan ruwa, tun ana tuƙi da gwangwala. Da suka haɗa hannu suka sayi inji, sai aiki ya rabu da kansa. Magaji yana baya riƙe da inji, don shi ya san inda ruwa ke da zurfi da inda yashi ya taru. Salihu yana gaba yana duban kututture da ciyawa, in kuma wani abu ya lalace, shi ke durƙusawa da sifana da filaya. Ba su cika magana ba. In Salihu ya ɗaga hannun hagu, Magaji ya san da itace a ruwa. In Magaji ya yi gyaran murya, Salihu ya san inji ya canza kuka. Gemunsu ya yi fari a haka.

Farkon daminar nan Salihu ya faɗi a bakin mashigi yana kwance igiya. Aka kai shi asibiti, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama suka mutu, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Da aka sallame shi, ɗiyarsa Ummusalma ta tafi da shi gidan mijinta a Danwarai, don ba mai jinyarsa a Alelu. Magaji ya ci gaba da fita shi kaɗai. Shi ma ba kowa a gidansa: matarsa Gudiya ta rasu, 'ya'yansa sun watsu, matar ƙanensa ke aiko masa da tuwo.

Da farko jirgin bai nuna komai ba. Sai wata safiya, ranar kasuwa, jirgi ya cika da mata da ƙwarya da kaji da buhunan tsohuwar albasa, Magaji ya murɗa makulli. Inji ya yi ƙas, ya yi shiru. Ya sake murɗawa, ko ƙas ɗin bai samu ba.

Ya ɗaga kai ya ce, “Salihu, dubo mini...”

Bai ƙarasa ba. A gaban jirgi wata tsohuwa ce zaune da tulun man gyaɗa a cinya, tana kallonsa. Ya sunkuyar da kai, ya buɗe murfin inji, ya naɗa igiya ya ja. Sai da ya ja har kafaɗarsa ta yi ƙara kafin inji ya kama. Ranar famfo bai yi aiki ba sai da aka yi nisa, mata suka riƙa kwashe ruwa da ƙoƙo suna ɗage zannuwa. Wani saurayi da ya jona wayarsa ya yi ta juya ta yana tsaki.

Abin da ya ɗaure wa Magaji kai shi ne, da yamma bayan an wuni ana zirga-zirga, wutar ta dawo. Ya murɗa makulli inji ya tashi nan take, famfo yana aman ruwa, fitilar rumfa tana haske. Ya ɗaure jirgi ya tafi gida da murna. Da gari ya waye ya dawo, batura sun kwanta kamar ba a taɓa yi musu caji ba. Haka aka yi washegari, haka aka yi rana ta uku. Kafaɗarsa ta kumbura, har ya zama in zai ɗaga buta sai ya canza hannu.

Wata rana da ba kasuwa, ya zo mashigi da hantsi ya ɗaga bencin baya. Bai taɓa buɗe akwatin nan da kansa ba. Baturan uku na jere, wayoyi ja da baƙi sun bi ta kansu sun haɗa su, wasu kuma sun fita ta rami sun shige ƙarƙashin katakan ƙasa. Salihu ya ɗaure kowane dami da tsumman atamfa, kowane da launinsa. A kawunan baturan wani abu fari-fari da shuɗi-shuɗi ya taru kamar gishiri. Wannan kam Magaji ya san maganinsa, don ya sha ganin Salihu yana yi. Ya je gida ya jiƙa kanwa a ruwan zafi, ya dawo da ita cikin gwangwani. Da ya zuba, gishirin ya yi ta kumfa yana tsuwa. Ya kwance noti ɗaya bayan ɗaya, ya goge kawunan da sanfefa har dalma ta fito fes, ya mayar ya ɗaure tamau. Ya zauna a kan benci yana duban aikinsa, ya ji daɗi, ya duba hagu da dama ko akwai wanda zai nuna wa. Wata balbela ce kawai ke tsaye cikin ciyawa.

Da safe inji ya yi ƙas, ya yi shiru.

Sai ya kwance baturan duka, ya ɗora su a baro daga bakin ruwa, ya kai su shagon Tukur mai caji a Jega. Tukur ƙato ne mai yawan dariya, rigarsa duk huji inda ruwan batir ya ci. Ya san Salihu sarai, don a wurinsa Salihu ke sayen ruwan batir.

Tukur ya ce, “Baba Magaji, yau kai da kanka? Ya jikin mutuminka?”

“Da sauƙi. Shina Danwarai wurin ɗiya tai.”

“Allah shi ba shi lahiya. Mi ya samu baturan?”

Magaji ya faɗa masa. Tukur ya buɗe murafun, ya leƙa, ya tsoma wani bututun gilashi mai roba a kai ya zuƙo ruwan kowane rami yana dubawa. Ya ɗora musu mita. A kan na uku ya daɗe, sannan ya ƙwanƙwasa gefensa da yatsa.

“Ka ga wanga? Ya kumbura. Rami guda ya mutu ciki. In ka haɗa shi da sauran, shi ka tsotse su. Hidda shi, ka bar biyun, sun ishe ka.”

“Shi ke nan matsalar?”

Tukur ya ɗaga kafaɗa. “Wannan dai nig gani. Sauran sai a jirgi. In ka koma ka tada inji, kunna hitila ka ba shi wuta. In haske ya ƙaru, inji na ba da caji. In bai ƙaru ba, ka dawo mu yi magana. Da ina iya barin shago da na bi ka, amma ka gani.” Ya nuna layin baturan babura da ke jiransa.

Magaji ya kwana biyu ba jirgi, baturan na shan caji a Jega. Da ya mayar da biyun, ya yi yadda Tukur ya ce. Ya tayar da inji, ya kunna fitilar rumfa, ya kare ta da hularsa don rana, ya murɗa hannun inji. Hasken ya ƙaru. Ya hau kan rumfa da ƙyar, ya wanke farantin sola da kashin tsuntsaye ya rufe, ya sauko ya duba ƙaramin akwatin da wayar solar ke shiga, ya ga koren haske na ƙyaftawa kamar yadda ya saba gani. Ke nan wuta na shigowa ta kowace ƙofa. Kwana uku jirgi ya tashi da makulli. A na huɗu, bayan an wuni da hadari ba rana, inji ya ja da ƙyar. A na biyar ya koma igiya.

Ranar da yamma bai tafi gida da wuri ba. Ya zauna a bencin baya, ƙafafunsa cikin ruwan da famfo bai kwashe ba, yana kallon masu shinkafa suna komawa gida ta kan kunya. Ya san abin da ya rage masa, kuma shi yake gudu tun farko. Tun da aka tafi da Salihu bai je Danwarai ba. Kullum yana ce wa kansa aiki ne ya hana shi. Gaskiyar ita ce bai san yadda zai zauna gaban Salihu shi yana tsaye da ƙafafunsa ba.

Da safe ya sa rigarsa ta Juma'a, ya sayi kifi busasshe da goro, ya hau babur ɗin kabu-kabu. Hanya ta bi ta cikin gero da dawa da suka fi mutum tsawo, da rumbunan albasa na kara jere a bakin ƙauyuka. A Danwarai ya yi sallama a ƙofar gida, Ummusalma ta fito da mayafi, ta durƙusa.

“Baba, sannu da zuwa. Kullum in anka yi sallama sai ya juyo da kai. Na san kai yaka jira.”

Magaji ya miƙa mata kifin.

An kwantar da Salihu a wani ɗaki kusa da zaure, a kan katifa, an jingina shi da matashi. Ya rame, gemunsa ya yi tsawo, hannun daman na ajiye a cinyarsa kamar ba nasa ba. Amma idanun nasa ne. Da ya ga Magaji, ɓarin fuskarsa mai rai ya motsa.

Ya ce, “Sannu.”

Magaji ya juya ga Ummusalma. “Ashe shina magana?”

Ta girgiza kai. “Ita ɗai ta rage mai, Baba. Ko ruwa yaka so, sannu. Ko ciwo yaka ji, sannu.”

Ta kawo fura ta fita. Magaji ya zauna a tabarma, ya gaishe shi, ya ba shi labarin ruwa: inda ya kai bana, gonar wa ya ci, wa ya yi aure, wa ya rasu. Salihu na saurare. Da labari ya ƙare suka yi shiru. A jirgi shirunsu ba ya damun kowa, amma a ɗakin nan ya yi wa Magaji nauyi. Sai ya gyara zama.

“Salihu, baturanka sun ƙi ni.”

Idon Salihu ya buɗe sosai.

Magaji ya kwashe komai ya faɗa masa: kanwar, Tukur, batirin da ya kumbura, fitilar da haskenta ya ƙaru, koren hasken sola. “Da marece su cika, da sahe su kwanta. Na kashe komi kahin in tahi gida, wallahi na kashe. Ina wutar ka zuwa?”

Salihu ya fara motsi. Ya buga katifa da hannun hagu. “Sannu,” ya ce. “Sannu. Sannu.” Jijiyar wuyansa ta tashi. Ya miƙa hannu wajen taga inda aka ajiye tocila. Magaji ya ɗauko ya ba shi. Salihu ya matse ta a hammata, ya yi ta fama da murfin gaba har ya kwance, ya nuna ɗan ƙwan da ke ciki da babban yatsa. Sannan ya kama hannun Magaji ya dunƙule masa shi, ya ɗora ƙwan a kan dunƙulen, ya jawo bakin zanen da aka rufa masa ya taɓa ɗaya gefen ƙwan da shi. Ya dubi Magaji.

“Hitila? Na duba hitila, lahiyarta lau.”

Salihu ya girgiza kai da ƙarfi. Ya sake yi: dunƙule, ƙwai, bakin zane. Ya ja zanen ya lulluɓe kansa da hannuwansu duka, ya yaye.

“Sanyi kaka ji? In kira Ummusalma?”

Salihu ya saki hannunsa. Ƙwan ya gangara ya shige ƙarƙashin katifa. Ya juya fuska ga bango, kafaɗarsa na rawa, yawu na bin gefen bakinsa. Magaji ya ɗauki bakin rigarsa ta Juma'a ya share masa. Ya zauna har aka kira Azahar, Salihu bai juyo ba. Da zai tafi ya ce, “Sai na dawo.” Ba a ko ce masa sannu ba.

A kan kabu-kabu yana komawa, bai ga gero ba, bai ga dawa ba. Mutumin da ya san abin da ɗaga hannunsa ke nufi daga nesa, cikin ruwan sama, yau ya riƙe masa hannu ya nuna masa abu har sau biyu bai gane ba.

Washegari bai ɗauki fasinja ba. Ya ce musu jirgi na gyara, suka bi ƙananan kwale-kwale suna gunaguni. Ya janye jirgin zuwa gindin wata giyayya da ruwa ya kewaye, nesa da mashigi, ya ɗaure. Ya jawo jakar kayan aikin Salihu daga ƙarƙashin rumfa ya zazzage a kan benci, ba don ya san abin da yake nema ba. Sifanu, filaya, salatif, guntayen waya, fiyus cikin kwalbar magani. Can ƙasa ya ga wani ɗan ƙwan sigina na babur, an like masa waya biyu gajeru, kowace da bakinta a fere.

Ya juya shi a tafin hannu. Sai ya tuna wata shekara da famfo ya riƙa shanye batir. Ya ga Salihu durƙushe a nan, a gaban akwatin, ya lulluɓe kansa da tamfol da rana tsaka, shi kuma yana masa dariya yana cewa ko amarya ce. Ya dubi dunƙulen hannunsa. Ya dubi kan batir.

Ya ce a fili, “Kai, Magaji. Kai, jaki.”

Ya fara cire wayar sola daga akwatinta, ya kashe komai. Ya kwance baƙar waya babba daga kan batir. Ya ɗora baki ɗaya na ƙwan a kan dalmar, ɗaya bakin ya matse shi jikin baƙar wayar, yadda duk wutar da za ta fita sai ta bi ta cikin ƙwan. A hasken rana bai ga komai ba. Ya jawo tamfol ya lulluɓa. Ciki zafi da warin fetur da na ruwan batir. Da idonsa ya saba da duhun, ya ga zaren ƙwan ya yi ja, ja mara ƙarfi kamar garwashin da toka ta rufe. Komai a kashe, amma wuta na fita.

Ya ɗaure ƙwan a wurin da salatif don hannuwansa su samu sarari. Ya bi damin wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya cire mai koren tsumma, ya ga ita ce ta famfo. Ya leƙa ƙarƙashin tamfol, ƙwan na nan ja. Ya mayar. Ya cire mai ruwan ɗorawa, ta fitila, ja. Ya cire ta wurin cajin fasinja, ja. Ya cire ta inji ma, ko rektifaya mai ba batir caji ce ke mayar da wuta baya, kamar yadda ya taɓa jin Salihu ya ambata, ja dai. Gumi ya jiƙa masa riga, gwiwoyinsa suka yi tsami. Ya fito ya sha iska, ya yi alwala da ruwan gulbi, ya yi salla a kan benci, ya koma.

Sai da ya tura hannu bayan batir na biyu ya ji wata siririyar waya da ba tsumma a jikinta. An maƙala ta a ƙasan noti, an bi da ita ta kusurwar akwati inda ido ba ya kai. Ya cire ta. Ya leƙa. Ƙwan ya mutu.

Ya zauna a kan dugadugansa yana numfashi. Sannan ya ɗauki sukudireba ya fara ɗaga katakan ƙasa yana bin wayar. Ta wuce ƙarƙashin rumfa, ta wuce bencin mata, ta wuce inda ake jibge buhuna, an kafe ta da ƙananan ƙusoshi a lanƙwashe, aiki mai tsabta irin na Salihu. Ba ta tsaya ba sai a can ƙuryar gaba, ƙarƙashin ɗan katakon da Salihu ke zama.

Magaji ya daɗe bai zo nan ba. Katakon ya yi santsi, ya ɗan lotsa a tsakiya. Ya durƙusa ya leƙa. An kafa wata 'yar soket ta caji a jikin katako, irin ta fasinja amma guda ɗaya. Ruwan da ke fantsamowa ta gaba ya shige ta, ta yi tsatsa kore, robar ta narke gefe guda. Da ya taɓa ta, ta ruguje a hannunsa. Nan wutar ke tsiyaya dare da rana tun da aka daina kula da wurin.

A bayan soket ɗin akwai babban gwangwanin madara, an cusa shi tsakanin katakai. Ya jawo ya buɗe. Ciki an naɗe wani abu da leda: 'yar na'ura mai caji, mai madauri, da ake ɗaurawa a wuyan hannu. Magaji ya san ta. Irinta ake ɗaura wa Gudiya a kemis a shekararta ta ƙarshe, ana awon hawan jini. Ƙarƙashinta fakitin ƙwayoyi ne, wasu da saura, mafi yawa an ɓare su tas, sun cika gwangwanin har rabi, na ƙasa sun yi baƙi don daɗewa.

Ya zauna a kan katakon Salihu da gwangwanin a cinya. Daga nan bayan jirgi na da nisa, bai taɓa lura ba. Kowace safiya kafin fasinja su taru, Salihu kan zo nan ya ba shi baya, ya sunkuya, ya ce wuridi yake. Shi kuma yana can yana zuba mai, yana jiran ya gama. Da mutumin nan suka wanke gawar mahaifin Magaji. Shi ya riƙe shi a maƙabarta ranar Gudiya. Ba abin da bai sani ba na Magaji, har bashin kunya da rigimar gado. Amma ya ja waya tun daga baya har gaba, ta ƙarƙashin ƙafafun Magaji, ya kafe ta ƙusa bayan ƙusa, don kada ya sani.

Ya yi fushi. Da ya sani, da bai bar shi yana ɗaga buhu ba. Da bai bar shi cikin rana ba. Da ya ce ya zauna gida. Da ya kai nan a tunaninsa sai ya tsaya, don ya gane abin da Salihu ya guda ke nan. Ruwa na bugun gefen jirgi, ganyen giyayya na faɗowa. Ba wanda zai yi wa faɗa, ba wanda zai tambaya.

Ya koma baya, ya yanke siririyar wayar daga tushe, ya naɗe bakinta da salatif. Ya mayar da katakai, ya ɗaure baƙar waya, ya jona sola. Da La'asar ya ciro wayarsa ta hannu ya kira Ummusalma. Ƙarar mota ce ta fara shigowa kafin muryarta.

“Baba, muna hanya. Yaya Waliyyu ya zo da sahe ya ce a kai shi Sakkwato, can za a riƙa gasa mai jiki. Wurinsa za shi zauna. Na so in kira ka.”

“Har yaushe?”

“Sai yadda Allah ya yi, Baba.”

Magaji ya dubi gwangwanin. “Ummusalma, kin san babanki na shan maganin hawan jini?”

Ta ce, “A'a. A asibiti sun tambaye mu, munka ce bai taɓa ba. Wa ya gaya maka?”

“Na gani a jirgi. Zan aiko muku da su, ku nuna ma likita. Shina kusa da ke? Sa mai wayar ga kunne.”

Ya ji ƙugi-ƙugi, sannan numfashi mai nauyi.

Ya ce, “Salihu, ni ne. Na gane abin da kan nuna min. Na sa ƙwan, na rufa da tamfol. Ta gaba ce, ruwa ya shige ta. Na yanke. Gwangwaninka na wurina.”

Numfashin ya yi sauri, ya yi kamar zai zama magana. Motar ta faɗa rami, wani ya yi salati, layin ya yanke. Ya sake kira, aka ce ba a samun lambar. Ya riƙe wayar har fuskarta ta yi duhu.

Da safe ya murɗa makulli, inji ya tashi tun kafin ya saki hannu. Fasinja suka yi ta barka, wata mata ta ce ashe Baba Magaji ma injiniya ne. Ya yi murmushi. Gwangwanin ya ba wani direban motar albasa da ke zuwa Sakkwato, ya kai har gidan Waliyyu. Baturan biyu suka riƙe shi har ƙarshen damina ba su sake kwanciya ba. Sau biyu jirgi ya hau kututture, don daga baya ba a ganin abin da ke gaba sai an zo kansa. Sai ya koyi rage gudu a inda ruwa ya yi duhu, ƙetarawa ta ƙara tsawo, mutane suka saba. Wasu sun kawo masa 'ya'yansu ya ɗauka su zauna masa a gaba, ya ce a bari tukuna.

Yakan kira Sakkwato ranar Juma'a. Wani lokaci a ɗauka, wani lokaci a ce ya yi barci.

Da ruwa ya janye, hanyar ƙafa ta fito da laka a kanta, babura suka fara ratsawa. Maza suka taya shi jawo jirgin kan yashi, suka kafa masa duwatsu, suka watse zuwa gonakinsu. Ya kwance farantin sola da baturan ya kai gida a baro. Ya share kusurwar ɗakinsa, ya shimfiɗa katako, ya jera su a kai don kada sanyin ƙasa ya taɓa su, ya leƙa ruwan kowane rami ya ƙara inda ya ragu. Sannan ya ɗauki fartanya ya nufi fadama, don maƙwabtansa sun riga sun fara dashen albasa, nasa fegin ko kunya ba a tayar ba.